Ruwan da Na Zuba wa Jirgin Baba

Azumi yana kwana biyu, ranar wata Lahadi, saƙon kulob ya shigo wayata. Ranar gayya suke sanarwa: Asabar ɗin ƙarshen Maris kowa ya jawo jirginsa zuwa bakin tafki, da bokiti da buroshi, a wanke, a duba igiyoyi, a gyara gadar katakon da ake ɗaure jirage, domin a ƙarshen Afrilu za a buɗe shiga ruwa. Ina tsaye a kicin na karanta. Na ce wa matata bari in leƙa tsohuwa a bayan gida, na zura takalmi na fita. Tsohuwa jirgi ne, kuma ba nawa ba ne.

Kulob ɗin namu na masu jiragen ƙyalle ne, ƙananan jiragen da iska ke turawa, a wani tafki da ke arewacin garin Greensboro, a nan ƙasar waje da nake zaune. Ba kamun kifi ake yi ba, ba fito ake yi ba. Mutum ya shiga ruwa ya zagaya ya dawo inda ya tashi, shi ke nan. Da mahaifina ya ji cewa manya da furfurarsu suna ɓata yini guda a kan haka, da ya yi dariya har ya kwanta. Masassaƙin jirgi ne shi a Yauri, a bakin Kogin Kwara. Ni kuwa ina da shekara goma sha biyu aka tura ni makarantar kwana, don haka abin da na sani na sana'ar bai wuce wanda yaro ke gani yana zaune a inuwa yana jiran a aike shi ba. Amma a kulob ban taɓa faɗin wannan ɓangaren ba. Da zarar na ce ubana maƙerin jirgi ne a babban kogi sai in ga ido ya dawo kaina, ni kuma abin yana yi mini daɗi.

Wanda ya fi kowa ɗaukar maganar da muhimmanci shi ne Baba. Baƙar fata ne ɗan ƙasar nan, haifaffen East Greensboro, tsohon malamin kafinta a makarantar sakandare. Ni na laƙaba masa Baba, ya tambayi ma'anarsa, ya ce ya karɓa. Shi kuma sunana ya gagari harshensa, sai yake kirana da sunan garinmu. Duk jiragen kulob na roba ne, nasa kaɗai na katako. Da hannunsa ya ƙera shi a gareji bayan ya yi ritaya, shekara huɗu yana yi, ya shafe shi da man katako har ya yi launin zuma. Ya taɓa gaya mini cewa yana yaro daga nesa yake hango irin waɗannan jirage, domin a zamanin ba a barin irinsa su matso kusa. Sau ɗaya ya faɗa, bai ƙara ba. Shekara uku ina shiga ruwa tare da shi, yana riƙe da sitiyarin baya, ni ina jan igiyar ƙyallen gaba ina shan faɗa in na makara.

A watan Oktoban da ya gabaci wannan azumin huhunsa ya matsa masa. Likita ya hana shi zama shi kaɗai, sai ya koma gidan 'yarsa a unguwar Glenwood, gida ɗan ƙarami da ko wurin ajiye mota ta biyu babu. Ni kuwa a Pleasant Garden nake, a bayan gari, fili a bayan gidana har ya yi mini yawa wajen yankan ciyawa. Na ce ya kawo tsohuwa ta yi sanyin bana a wurina. Ranar da muka jawo jirgin a kan 'yar tirelarsa da mota, yana tsaye ya dafa gefen jirgin yana haki, ya fara yi mini bayani.

"Yauri, ka saurara. Da farko za ka cire..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Haba Baba, ni za a koya wa ajiyar jirgin katako? A cikin ɓawon katako aka yanke mini cibiya."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu sama alamar ya sallama. Har yau in na tuna wannan ɗaga hannun sai in ji kunya ta rufe ni. Mutumin yana so ya gaya mini in cire abin toshe ramin da ruwa ke fita, in ɗaga goshin jirgin sama, kada in bar ko ɗigo a ciki. Magana ce ta minti ɗaya, na hana shi ita.

Abin da na sani daga gida shi ne ba a barin jirgin katako ya bushe. In aka fitar da kwalekwale tudu, mahaifina yakan sa a kwarara masa ruwa a ciki, domin in rana ta dake shi babu ruwa sai falankan su tsuke, haɗin ya buɗe, ranar da aka mayar da shi kogi ya riƙa sha. Na ga ana yin haka ba sau ɗaya ba. Saboda haka da Baba da 'yarsa suka tafi, na toshe ramin da kyau, na jawo tiyo, na zuba wa jirgin ruwa har ya kai kamu ɗaya. Na rufe shi da tamfol, na ɗaure. Na shiga gida ina jin na yi wa dattijo abin da duk Turawan kulob ba su san shi ba.

A Janairu aka yi wani sanyi da ya fi na kowace shekara. Kwana da kwanaki ruwa yana daskare a waje. Na tuna in bar famfon kicin yana ɗiga don kada bututu ya fashe, na tuna in shigo da tukwanen attaruhun matata cikin gareji, na tuna batirin mota. Jirgin yana nan a gabana kullum ta tagar ɗaki, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Ruwa a cikin jirgi a wurina kariya ne. Shekara ashirin ina ƙasar nan, amma can cikin kaina ruwa bai taɓa zama abin da ke daskarewa ya yi ƙarfin fasa katako ba.

Da na yaye tamfol ɗin a wannan Lahadin, babu ruwa a ciki, sai shaidar inda ya tsaya da busassun ganye. Shaidar ma ta fi inda na bar shi tsawo, ashe ruwan sama ya yi ta samun hanya yana ƙari. Na sunkuya na leƙa, sai na hango ciyawa ta ƙasan jirgin. Falanki biyu sun rabu da ƙashin bayansa, tsagar ta kai tsawon hannuna, yatsana yana shiga. Haƙarƙari uku na ciki sun karye. Na zauna a kan tayar tirelar ina salati. Ban san iya lokacin da na ɗauka a wurin ba, sai da matata ta buɗe ƙofar baya ta tambaya ko lafiya.

Baba yana da al'ada, duk Lahadi in ya dawo daga coci sai ya kira ni. Ranar ma ƙarfe biyu wayar ta yi ƙara. Muryarsa ta yi ƙasa, yana tsayawa ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma. Ya tambayi azumi, ya tambayi matata, sannan ya ce, "Yaya tsohuwa?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Tana jiran ka."

Haka maganar ta fito, sumul, ban ko yi tuntuɓe ba. Da na ajiye wayar matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Bazazzagiya ce, ma'aikaciyar jinya a gidan kula da tsofaffi, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba.

Ta ce, "Malam, azumi kake yi ko yunwa kake zama da ita?"

Na ce mutumin ba shi da lafiya, wannan labarin zai iya kwantar da shi.

"Ni nake aiki da tsofaffi, ba kai ba. Labari ba ya kashe su kamar yadda kuke tsammani. Wannan ba abin da za ka yi fixing da kanka ba ne. Ka kira shi ka ce sorry, ya gaya maka yadda za a yi."

Na ce ta bar ni, na san abin da nake yi. Ta ce ai ta gani a bayan gida. Raina ya ɓaci, domin gaskiya ta faɗa, kuma na fi jin zafin gaskiya in daga bakinta ta fito. Na ƙudurta a raina zan gyara jirgin kafin ranar gayya, in ya so daga baya in ba Baba labari muna dariya.

Gyaran ma irin na gida na yi, tunda shi kaɗai na taɓa gani. A Yauri in jirgi ya tsage, auduga ake cusawa a tsagar, a narka kwalta a kwarara, a rufe da yankan gwangwani a buga ƙananan ƙusoshi. Jirgin ya koma ruwa ya ɗauki buhunan shinkafa da shanu, ba wanda ke kallon kyansa. Na je shagon kayan gini na sayo kwaltar da ake liƙe rufin gida, na yayyaga wata tsohuwar rigata, na samo farantin ƙarfe marar kauri. Duk ranar da na taso aiki da wuri, tsakanin la'asar da shan ruwa ina ƙarƙashin jirgin a kwance, maƙogwaro a bushe, warin kwalta ya cika mini hanci. Tun a rana ta biyu na ga abin bai yi kyau ba. Baƙin ya bi jijiyar katakon ya bazu, launin zumar nan ya koma kamar gindin tukunya. Na ce ba komai, ƙasa ne, ruwa zai rufe.

Lahadi ta biyu ya kira, na ce lafiya. Ta uku ya ce in duba masa ko ɓera bai shiga ba, na ce na duba, babu. Ta huɗu har na ƙara da cewa na goge ta. Kowace ƙarya sai ta fi ta baya sauƙin fita, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. A masallaci ana tarawihi hankalina yana bayan gida. Na daina kallon matata in wayar ta yi ƙara, nakan fita waje in amsa. Ana saura kwana uku gayya na jawo tiyo na gwada gyaran. Ruwan ya riƙa zuba ta ƙasa kamar na zuba shi a kwando.

Ranar gayya ta faɗo a jajibirin Sallah. Na tafi ba tirela. Bakin tafkin ya cika, kowa da aikinsa. Wasu suna kankare gansakuka daga cikin jirage, wasu sun shimfiɗa ƙyallaye a ciyawa suna neman inda ya yage, mata biyu suna sauya igiyoyin da rana ta cinye, wasu maza a kan gada suna cire ruɓaɓɓun falankai. An kafa tebur da kofi da burodi mai zaƙi, kamar kullum wani ya miƙo mini, kamar kullum na ce ina azumi, ya ba ni haƙuri. A jikin ɗakin ajiya an manna takardar da ake rubuta jiragen da za su shiga ruwa ranar buɗewa. Na duba, sunan Baba ne na farko, da rubutun hannunsa, nawa a gefe.

Yana zaune a kujerar naɗewa kusa da ruwa. Rabona da ganinsa tun Oktoba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, da siririn tiyo a hancinsa da ya tafi zuwa wata 'yar tukunyar iska mai taya. A cinyarsa babban ƙyallen jirgin ne. Ashe duk sanyin nan yana zaune yana bin ɗinkin da allura, inda ya saki yana mayarwa. Ya ɗago ya gan ni, ya leƙa bayana.

"Ina tsohuwa?"

Na ce tayar tirela ce ta sace. Ya girgiza kai yana dariya, ya ce mutanen kogi ba su san taya ba. Aka ba ni buroshi, na kama wanke jirgin wani da ban ma san mai shi ba, ina gogawa kamar ni na ɓata shi.

Can 'yarsa ta zo ta tsaya kusa da ni. Mace ce mai kamun kai, malamar firamare. Ta ce tana so ta yi mini godiya. Ta ce a Janairu an kwantar da mahaifinta asibiti mako biyu, ya hana ta gaya mini. Likitoci sun ce ba su ga zai ƙara samun ƙarfin shiga jirgi ba bayan wannan shekarar, ko bana ma sai a farkon lokaci, kafin zafi ya sauko. Ta ce a gadon asibiti ba abin da yake lissafi sai ranar buɗewa, yana cewa tsohuwa tana hannun ɗan masu sana'a. Ta kama hannuna da nata biyu, nawa duk kumfa.

Na ajiye buroshin. Na tafi wurinsa na tsugunna a gabansa yadda ake yi wa babba a gida, har wasu suka juyo suna kallo. Na ce, "Baba, taya lafiyarta lau. Jirgin ne ya fashe. Ni na fasa shi." Na gaya masa komai, ruwan, da ƙanƙarar, da kwaltar. Bai katse ni ba. Da na gama ya soke allurar a jikin ƙyallen, ya naɗe shi a hankali, ya ce wa 'yarsa ta kawo mota.

Daga tafki zuwa Pleasant Garden sai an ratsa garin gaba ɗaya. Ina gaba suna bina, ina kallonsu ta madubi a kowace danja. Da muka iso matata ta fito da lalle a hannu, ta gaishe shi, ta dube ni sau ɗaya ta koma ciki ta kawo kujera. Bai zauna ba. Ya ja tukunyar iskarsa a kan ciyawa har gindin jirgin, 'yarsa ta riƙe shi ya durƙusa. Ya daɗe yana bin tsagar da yatsa. Ya ɓanɓaro kwalta da farce, ya shinshina, ya duba inda ƙusoshina suka huda katakon a jere.

Ya ce, "A garinku ruwa ba ya daskarewa."

Na ce haka ne.

"To mahaifinka daidai yake yi. Wannan ban riƙe ka da shi ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Tsagar ƙanƙara tsaftatacciya ce. Da ka gaya mini ranar da ka gani, da na zo na zauna a nan, ka shafa gam, mu matse, mu sauya haƙarƙarin. Asabar uku ta isa. Amma gam ba ya kama katakon da ya sha kwalta. Yanzu sai an yanke falankan nan gaba ɗaya, a nemo wasu, a lanƙwasa su da tururi. Aikin wata huɗu ne ga mai lafiya."

'Yarsa ta juya mana baya tana kallon bishiyoyi. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Lahadi huɗu na tambaye ka, Yauri." Bai ɗaga murya ba. Ya nemi a tashe shi, ya zauna a kujerar, ya tambaya ko ina da abin kankare katako. Na ce ina da shi. Ya ce in ɗauko.

Washegari aka yi Sallah, na sa babbar riga na je idi, mutane suna ta barka da shan ruwa, ni ban ji daɗin komai ba. Mutanen kulob sun yi kirki. Mutum uku suka ce Baba ya zaɓi jirgin da yake so ranar buɗewa, su za su ɗauke shi su sa shi a ciki. Ya gode musu ya ce a'a. Ya sa 'yarsa ta je ta soke sunanmu daga takardar. Duk Asabar sai ta kawo shi gidana da safe ta dawo da azahar ta ɗauke shi. Ya kawo kayan aikinsa a wani akwatin katako, ya koya mini riƙon kowanne, da haƙuri, ba zagi ba gori. Matata takan dama masa kunun gyaɗa, ya sha ya yaba. Wanda ya gan mu zai ce ba abin da ya faru. Bai shiga ruwa ba a wannan shekarar, ni ma ban shiga ba.

Asabar ɗin da aka buɗe tafki muna bayan gida. Rana ta yi kyau, iska tana kaɗa ganye daidai yadda masu jirgi ke so, dukkanmu mun lura. Tun daren Juma'a na liƙa sabon haƙarƙari na farko, na matse shi yadda ya nuna mini. Daga kujerarsa ya tambaya ko gam ɗin ya bushe. Na sa hannu na danna, ya yi tauri kamar dutse. Na ce, "Ya bushe, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya dafa hannun kujerar ya yunƙura, sau biyu kafin ya miƙe. Na matso zan kama shi, ya ce in bari. Ya ja tukunyar iskarsa, taku kamar goma ne tsakaninsa da jirgin, ya tsaya a tsakiya ya huta. Da ya isa ya zura hannu ciki, ya danna haɗin da babban yatsansa, sama da ƙasa.

Ya ce, "Ya bushe. Kwance matsin."

Na sunkuya na fara kwancewa.